Hannu da Shuni

Masu hannu da shuni. Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ji wannan magana a rediyo ba. In asibiti ya rasa magani, a yi kira ga masu hannu da shuni. In ambaliya ta ci gari, ko azumi ya riski talaka ba hatsi, ko ginin masallaci ya tsaya a linta, su ɗin dai ake kira. Mai karanta labarai yakan furta ta a guje, mai saurare ya ji "attajirai" ya wuce. Amma tsayar da saurayi a tashar Wudil ka ce ya kwatanta maka shuni, yaya yake a ido, yaya warinsa, me yake yi wa fata, sai ya yi murmushi ya ce ai salon magana ne kawai. Maganar na nan da ranta a bakin kowa, abin da ya haife ta kuwa ya kusa fita daga hannun mutane, kuma wannan ne ya hana ni sakat.

Shuni ɗan baba ne. Baba kuwa ɗan tsiro ne mai ƙananan ganye, wanda manoman ƙasar Kano suka daɗe suna shukawa kusa da gero da dawa da auduga. Ko ɗigon shuɗi babu a jikinsa, kore ne shar. Sai an yanke shi an sassare, an bar shi ya ruɓa ya bushe, an kai karofi an zuba a rami tare da ruwa da toka da katsi, an yi kwana da kwanaki ana motsawa da doguwar sanda, sannan ruwan ya nuna. Marini na gane haka daga kumfar da ke taruwa a sama mai ɗan ƙyallin tagulla, da kuma warin da ke tashi, wari mai nauyi wanda duk wanda ya taɓa ratsa marina ba ya mance shi. Ko a lokacin ma launin bai bayyana ba. Farin zane in ya fito daga rami kore-kore yake fitowa, da ratsin rawaya. Marini ya matse ya ɗaga, kana tsaye kana kallo ya rikiɗe ya koma shuɗi. Dalili kuwa, launin baba ba ya narkewa a ruwa sai ruɓa ta sauya masa hali. A narke yake shiga zare, da iska ta taɓa shi sai ya koma halinsa na asali ya maƙale a ciki. Shi ya sa rini tsomawa ne da ɗagawa, tsomawa da ɗagawa, kowane zagaye na ƙara duhu, daga shuɗin sararin samaniya har zuwa baƙi wuluk mai ɗan ja a ƙarƙashinsa.

Ramin kansa fasaha ce. Katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rami bayan ruwa ya mutu, ba a zubar da shi. A kwashe, a cura, a ƙona, wani ya koma cikin sabon ruwa, wani a haɗa laso da shi a shafe bangon rami don kada ƙasa ta shanye ruwan. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna a bincikensa na 1975 cewa wannan laso na cikin abubuwan da suka ɗaga Kano a ƙarni na 19, don da shi aka iya barin tukwane aka koma manyan ramuka masu zurfi, aka rina kaya da yawa a farashi mai sauƙi. Yau in an ce marina hankali kan tafi Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Amma ƙarfin sana'ar a karkara yake, a garuruwa irin su Kura da Bunkure da Dal da Zarewa, da ƙauyuka barjat waɗanda yanzu sunan unguwa kaɗai ya rage musu, Karofi ko Marina, ramukan duk sun cike da ƙasa.

Shi shuni tataccen baba ne, launin zalla da aka tsamo aka busar, in an niƙa ya zama gari mai duhu. A da mata sukan shafa shi a kitso ya yi sheƙi, kuma shi ake bugawa a jikin rawani da riga ƙore su yi walƙiya. To hannun wa ake nufi ke nan? Hannu biyu ne ke ɗaukar shuni. Akwai na marini, wanda launin ya shige masa farce da tsagar fata har gwiwar hannu, ba sabulun da ke fitar da shi, da shi yake alwala, da shi yake cin tuwo. Akwai kuma na mai riga, wanda bai taɓa leƙa rami ba, amma duk sa'ad da ya gyara rawani ko ya saɓa hannun riga a kafaɗa sai launin ya bi yatsunsa. Na farko da gumi ya samu nasa, na biyu da kuɗi, harshe kuma ya karkata ga na biyu. Ban ce harshe ya yi zalunci ba, domin a zamanin da maganar ta samu gindin zama, manyan marina da fataken turkuɗi su ma masu dukiya ne. Abin da ke ci mini rai shi ne yau in an tara masu hannu da shuni a ɗakin taro ba za a samu hannu ɗaya mai shuɗi ba, mai shuɗin kuwa yana can bakin rami yana jiran mai saye.

A Kura ne shuni ya kai maƙura. Turkuɗi, wanda Buzaye ke naɗawa su rufe fuska, ziri-ziri ake saƙa shi, kowane ziri bai fi faɗin ɗan yatsa ba, da zare siriri har kana hango haske ta cikinsa. A jera zirin nan da dama a ɗinke su gefe da gefe da allura, a rina, a sake rinawa har ya ƙoshi, sannan a kai wa mabuga su barbaɗa garin shuni da ɗan maiƙo su buga ya shige. Abin da ke fitowa ya daina kama da auduga. Ka juya shi a rana ya ba ka baƙi, ya ba ka shunayya, ya ba ka jan tagulla, in an motsa shi kuma ya yi ƙara ƙaras-ƙaras. A naɗe a takarda, a ɗaure, ya kama hanyar Damagaram da Agadas har cikin Sahara. 'Yan Kura ake ce wa irin wannan kaya, sunan garin kansa ya isa shaidar inganci.

A nan ne ido biyu suka rabu. Mace in ta shiga Kantin Kwari sayen atamfa, tambayarta ta farko ita ce, "Alhaji, ba ta zuba?" Mai shago ya rantse ya maya, ya ce ko shekara za a yi ana wanki ba ta zuba. Zuba aibi ne, alamar an cuce ka. Buzu kuwa in ya zo sayen rawani yakan goga babban yatsa a kai ya duba, in yatsan ya fito fes ya ajiye ya nemi wani. So yake ya zuba. So yake ya bar masa shuɗi a kumatu da goshi, don wannan shuɗin ne ke gaya wa mutane cewa abin da ya naɗa na gaske ne, har Turawa suka riƙa kiran Buzaye shuɗɗan mutane. Na daɗe ina juya wannan a raina. Akwai kyan da ake yi don ya dawwama, a rataye shi a bango a hana yara taɓawa. Akwai kuma kyan da ake yi don ya ƙare a jiki, kamar turare, yana raguwa daga tufa yana komawa fatar mai ita. Wanda bai yarda da irin na biyun ba, ko ya shekara yana kallon turkuɗi tsumma mai ɓata hannu kawai zai gani.

Sheƙin kuwa daga duka yake fitowa. Ɗakin bugu ba shi da tarkace: gungumen itace mai santsi kwance a ƙasa, da manyan gudumomi na itace, da maza zaune suna fuskantar juna. A ninke tufa, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa a kan gungume, wannan ya sauke, wancan ya ɗaga, ana duka ana jan tufar kaɗan-kaɗan don kada wani wuri ya sha fiye da ɗan'uwansa. Zaren auduga a mulmule yake, mai gashi-gashi, shi ya sa yake shanye haske. Duka ke baje shi ya kwanta, ya toshe 'yan ƙofofin saƙa, fuskar tufa ta yi sumul har haske ya rasa wurin shiga ya dawo ido. Mahauta na da kalangu, manoma na da gangar noma, mabuga kuwa ba su taɓa neman makaɗi ba, aikinsu ne kiɗansu. Kuma tilas ne kiɗan ya daidaita, don in ɗaya ya saɓa, gudumomi biyu su yi karo a sama, ko yatsa ya tafi. Har yau masu shadda a Kano sun san bambancin guga da bugu, shi ya sa ana jajibirin Sallah ba ka samun wurin tsayawa a ƙofar mabuga.

Wannan amon ne ya tsayar da ni cak ranar da na ji shi yana fitowa daga wayar wani ƙanena. Na ɗauka bidiyon Kura ne. Da na leƙa sai ga wata dattijuwa tsugune gaban faffaɗan dutse, a wani gari na gidajen katako cikin tsaunuka da hazo, tana sauke gudumar itace a kan ninkakken baƙin zane mai ƙyallin ja. 'Yar ƙabilar Dong ce, a kudancin ƙasar Sin. Mutanen nan, da ke kiran kansu Kam, sun kai wajen miliyan 3.5 a ƙidayar 2020, kuma suna zaune ne inda lardunan Guizhou da Hunan da Guangxi suka haɗa iyaka. Duniya ta fi saninsu da dogayen hasumiyoyin ganga da gadoji masu rufi da suke haɗawa da katako ba ƙusa, da kuma waƙarsu ta taron muryoyi ba kayan kiɗa, wadda UNESCO ta sa a jerin gadon al'adun duniya a 2009. Ni dai zanen ne ya kama ni.

Tsiron da suke rini da shi dabam yake da namu, mai faɗin ganye ne mai son laima, amma launin da ke ɓoye a cikinsa shi ne dai namu. A jiƙa ganyen 'yan kwanaki, a tsame, a zuba farar ƙasa a kaɗa har launin ya kwanta ya yi kauri a gindin mazubi. Shuninsu ke nan. Da shi ake haɗa ruwan rini, da ruwan toka da ɗan giyar shinkafa don ya tashi. A rina, a wanke a rafi, a shanya, gobe a sake, har makonni. Daga nan sai a tsoma zanen a ruwan fatar shanu da aka dafa har ta yi danƙo, a shafa masa farin ƙwai, a turara, a buga, a sake bugawa. Yakan ɗauki watanni kafin ya zama abin da ake so, zane mai tauri mai ɗaukar ido, wanda ake yi wa mata riguna da siket mai ɗaruruwan ninki, na biki da na aure. Su ma ba sa wanke shi barkatai, don ruwa na tafiya da sheƙin. Hannayen matan kuwa shuɗi ne har wuyan hannu.

Ba sai an nemo wata tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Kura da Guizhou ba. Auduga ce, da baba, da idon ɗan Adam mai son abin da ke walƙiya, duk inda ukun nan suka haɗu suka daɗe tare sai an kai ga guduma. Inda muka bambanta shi ne gidan da tufar ke kwana. A wurin Dong aikin na mata ne tun daga gonar auduga har bugu, kuma yawanci na gida ne. Uwa ce ke tara wa 'yarta, kowa ya san hannun da ya yi. Sai a 1958 aka tsara wa harshensu haruffan boko, kafin nan waƙa da allura ne ke riƙe musu abin da ba sa so a manta, shi ya sa majanyin goyonsu ke cike da rana da wata da tsuntsaye da kifi, uwa na ɗinka wa jariri kariya da fata nagari.

Mu kuwa tun da wuri tufarmu ta kasuwa ce. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Ya rubuta cewa saƙar Kano da rininta na kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, ta yamma kuma Tumbuktu har gaɓar tekun Atlantika. Ya ƙiyasta abin da ke zuwa Tumbuktu kaɗai a shekara da kayan raƙumi 300, cinikin tufar gaba ɗaya kuma da wuri miliyan 300. Abin da ya fi burge shi ma, duk wannan a cikin gidaje ake yin sa, iyali na ci daga sana'ar ba tare da an tattara su a manyan masana'antu irin na Turai ba. A littafinsa har da hoton rigar saƙi, mai ɗigo-ɗigon fari da shuɗi irin na gashin zabo.

Sai dai riga ɗaya da ta isa Tumbuktu hannaye nawa ta ratsa? Manomi ya shuka ya tsinko. Mace ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa. Kakata a nan Kausani tana cikin na ƙarshe da na gani da mazari. Da hantsi in an gama aikin gida takan jawo taskirarta, ta dangwali alli da yatsu, ta murza mazari ya yi ta juyi, hannun hagu na sama da auduga yana sakin ta a hankali, tana hira ba ta ko kallon zaren. In siriri take so ta san yadda za ta ja, in abawa ce ta sani. Da kuɗin zaren nan mata da yawa suka tara wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Daga ita sai masaƙi, zaune da ƙoshiya, zarensa miƙe can nesa ɗaure a kunkuru yana jawo shi sannu-sannu. Sai maɗinki ya haɗa ziri da ziri, sai marini, sai mabugi. In rigar manya ce a nemo tsamiya, silikin da tsutsa ke saƙawa a jikin itace, a dafa da toka a kaɗa, ko alharini mai ja wur da a da ayari ke kawowa ta Tarabulus, a yi shafi da shi a bakin riga ta ciki, yadda sai mai ita ya saɓa hannu za a hango jan.

Sannan a zo kan aiki. Haka kawai Bahaushe ke kiransa, riga mai aiki, an yi mata aiki, aikin hannu ne ko na keke. Yawanci malami ne ke fara zana shi da alƙalami da tawada a kan aljihu da wuya da baya, hannun da ya saba da allo da zayyana, sannan mai allura ya bi. Kowane yanki da sunansa. Ga aska biyu, ga aska takwas masu zubowa daga kafaɗa zuwa aljihu da tsini, ga tambari mai kewaya kansa a ƙirji da gadon baya, ga gidan biyar, ga dagi wanda ba a gane farkonsa balle ƙarshensa, ga linzami a gindin wuya. Dubi yadda aka karkatar da nauyin adon gefen hagu, aka bar dama da fili sai tambari shi kaɗai. Wanda ya fara tsara haka ya san ido na gajiya da abin da ya yi daidai wa daida ta ko'ina. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekaru yana bin masu wannan zane yana tattara sunayen, ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kuma kammala kundin digirinsa a kan ɗinkin tufafin Hausa a 1979. A Zariya kuwa, aikin da a da na maza ne, mata cikin gidaje sun karɓe shi sun riƙe.

Akwai wani dattijo da ke zama gindin darbejiya a unguwarmu da riga a cinya, daga bayan azahar har rana ta yi sanyi. Wata rana na tsaya na gaishe shi, na yaba wata sabuwar riga da aka kawo masa gani, na ce, "Baba, wannan aiki ya yi kyau." Bai amsa ba sai da ya juya ta ciki. Ya bi bayan ɗinkin da yatsa, ya nuna mini inda zare ya yi tsalle, inda aka ƙulla aka bar jela, inda yadin ya tattare don an ja da ƙarfi. "Ɗana," ya ce, "gaba ta mai saye ce. In mai aikin kake son gani, duba baya." Masu wannan sana'a na da ma'auninsu, kuma mai tsanani ne. Za ka ji sun ce aiki ya kwanta, ko bai zauna ba, ko an cika shi, ko hannun wane na da nauyi, ko wannan gaggawar Sallah ce. Duk mai neman ilimin kallon tufa a ƙasar nan, ga makarantarsa, ba ta da allo ba ta da kuɗin shiga, sai dai tana son zama.

Duwatsun ado ma haka. Yawancinsu baƙi ne a ƙasar Hausa: murjani daga Bahar Rum ta hanyar Sahara, na gilashi daga Venis, jajayen lantana da a da ake fafewa a Ilori daga dutsen da fatake ke saukowa da shi, da waɗanda Masaga na Bida ke narka kwalba su yi. Namu na gida shi ne jigida, wadda a da ake yi da ɓawon ƙwara mai tauri, a fasa, a huda, a zura a zare, a goga a dutse har kowane ƙwaya ya yi daidai da na kusa da shi, tun kafin ta roba ta cika kasuwa. To in dutsen saye aka yi, ina gwanintar? Tana wurin shiryawa. Wace tsakiya za ta zauna a tsakiyar wuya, jajaye nawa kafin fari ya shigo, ina za a sa ƙarami don babba ya fito. Tsohuwa mai shirya wa amarya duwatsu lissafi take yi da launi, in ta kuskure ɗaya ta warware duka. Jigida kuwa ado ce da ido kaɗan ke gani, nauyinta da ɗan motsinta mai ita ce ta fi kowa sani. A can wurin Dong, rigar da maza ke sawa ranar busa da rawa tana da zirin ɗinki masu lilo, an zura musu ƙwayoyin wata ciyawa masu tauri da fararen gashin kaza a baki. A rataye ba ta cika ba, sai mai ita ya taka rawa komai ya tashi. Matan Wodaabe a Nijar da ke jera wuri da duwatsu a jikin baƙin zane mai ɗinki za su gane wannan ba sai an yi musu bayani ba.

Bahaushe kan ce an san a rina, wai an saci zanen mahaukaciya. Ana faɗar ta ne in abin da ake zato ya auku, amma a ƙarƙashinta akwai hoton wani zamani. Zanen mahaukaciya duk gari an san shi, ɓarawo ba shi da mafita sai marina, don rami na mayar da tsoho sabo. Haka mutanen kirki ma ke yi da nasu. Riga in ta koɗe ba a yar da ita, a mayar wa marini ya tsoma, a kai wa mabugi ya dawo mata da fuska. Ashe zubar shuni ba asara ba ce a wurinsu, tunda akwai inda ake komawa a ƙaro, kuma wannan komawar ce ke riƙe da sana'ar. Abin da ya yanke ta sananne ne. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban da aka haɗa a masana'anta. Yadin Ingila ya cika kantuna, masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, ita ma ta rufe a farkon shekarun 2000, yadin Sin mai arha ya maye gurbi. A can ƙasar Sin ɗin ma, 'ya'yan matan Dong da yawa sun bar ƙauye sun tafi aikin masana'anta a biranen Guangdong, dattijai ne suka rage da guduma. Guguwa ɗaya ce ta bi ta kanmu duka. Ba na zargin wanda ya sayi mai arha, don mai iyali da abin da ke aljihunsa yake auna riga. Amma zanen aro ba ya rufe katara, kuma al'ummar da duk abin da ta sa a jiki wani ne ya zaɓa mata launinsa, akwai abin da ya fita daga hannunta ko da ta yi kyau a hoto.

Gidajen tarihi sun yi nasu ƙoƙarin. A Gidan Makama na Kano akwai abin gani, a British Museum na Landan kuma akwai tufafin da ayarin Ingilishi ya samo a Eggan ta ƙasar Nupe lokacin da ya hau kogin Kwara a 1841, ga su nan har yau. Ba don irin wannan ajiya ba da ba mu san yadda saƙar wancan zamani take ba. Sai dai gilashi na ba ka kashi ɗaya ne cikin huɗu. Ba ka jin warin baba, ba ka jin ƙarar tufa in ta motsa, ba ka goga yatsa. Babbar riga kuma an yanka ta ne don kafaɗa da tafiya da iskar filin idi, don a ga yadda take buɗewa a kan doki ranar hawa. Takardar da ke gefenta kan faɗi ƙasa da shekara da sunan wanda ya kawo, wurin sunan wanda ya yi kuwa fayau.

Wannan rashin suna ne ke sa wasu ɗaukar aikin tamkar tsiro ne da ya fito da kansa, wai al'ada ce, kowa ma haka yake yi. Alhali a cikin sana'ar ba a taɓa rasa sunan ba. Kasuwa ce mai nisa ke goge shi, daga dillali zuwa falke zuwa wani dillalin. Je ka kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko Kurmi a cikin birnin Kano, ka samu tsohon dillalin riguna ko na huluna, ka miƙa masa guda ba tare da ka ce komai ba. Zai ɗaga ta ya auna nauyi, ya shinshina, ya juya baya ya bi ɗinkin da farce. In ka gaishe shi da kyau ka zauna, zai gaya maka ko aikin Zariya ne ko na ƙauyukan Kano, ko hannu ɗaya ne ya yi ko an raba wa yara wuyan, wata nawa ta ci, wani lokaci har gidan da ta fito da sunan wanda ya koya wa mai ita riƙe allura.